Kuɗin Ruwa a Biranen Kudu: Arahar da Ta Fi Tsada

Duk sa'ad da wata hukumar ruwa ta jihohin kudu ta buɗe baki ta ambaci ƙarin kuɗi, ko ta ce za ta kafa mita a gidajen mutane, nan da nan sai gari ya ɗauka da surutu. Masu gidaje su yi ta ƙorafi, ƙungiyoyi su fito da takardun ƙin yarda, 'yan siyasa kuma su lafa, domin ba mai son a ce a hannunsa ne ruwa ya yi tsada. Mu a wannan shafi ba mu jahilci abin da ke cikin aljihun ɗan dakon Apapa, ko maigadin Ikeja, ko mai kasa albasa a Mile 12 ba. Duk da haka, bayan mun auna al'amarin ta kowace fuska, ra'ayinmu shi ne kada 'yan'uwanmu mazauna kudu su shiga sahun masu cewa a bar kuɗin ruwa yadda yake har abada. Farashin da ke rubuce a littafin hukuma farashin masu famfo ne. Wanda ba shi da famfo, kuma a nan ne akasarin mutanenmu suke, ya daɗe yana biyan ninkin-ba-ninkin wannan farashi, ba rasit, ba kuma wanda ya taɓa neman shawararsa kafin a ƙara masa.

Lissafin ba shi da wuya. Jarkar da ɗan garuwa yake turowa a kura takan ci lita 25. Hukumomin ruwa kuwa a kan lita 1,000 suke yanka farashinsu, wato jarka 40 ke nan. A ɗauka, don misali, ana sayar da jarka ɗaya Naira 100. Mai karatu yana iya sa farashin unguwarsu a gurbin wannan. To, lita 1,000 ta tashi Naira 4,000. Magidanci mai mutum 6 a ɗaka, ko da kowa zai tsuke ya tsaya a kan lita 20 a yini, wadda ita ce mafi ƙanƙantar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum zai iya lallaɓawa da shi, yana bukatar lita 120, kusan jarka 5. Naira 500 ke nan kullum, Naira 15,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka zartar a ƙasar nan cikin watan Yuli na 2024 shi ne Naira 70,000. Ashe fiye da kashi 20 cikin 100 na irin wannan albashi ya tafi a ruwa kaɗai, alhali ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya take ambata shi ne kada kuɗin ruwa ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da gida yake samu.

Ba jiya aka gano wannan ba. A 1987 wasu masana da suka yi wa Bankin Duniya aiki, a ƙarƙashin jagorancin Dale Whittington, sun zauna a Anacha suna ƙidaya tankokin ruwa da rijiyoyin burtsatse na 'yan kasuwa, suna kuma bin gidaje suna tambayar abin da ake kashewa. Abin da suka samu ya ba da mamaki. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin da mutanen garin suke kashewa a kan ruwa, aljihun masu tanka da dillalansu yake shiga, hukumar ruwa tana tsintar abin da ya saura. Kuma abin da gidaje suke biyan 'yan kasuwar a shekara ya haura ninki biyu na abin da za a kashe wajen gudanar da ma'aikatar famfo da za ta wadaci garin. Watau mutanen Anacha sun riga suna biyan kuɗin famfo har da ƙari, famfon ne kawai ba su gani ba. Kusan shekara 40 ke nan da wannan bincike, amma duk wanda ya zaga Ajegunle ko Idi-Araba da sassafe ya ga jerin kuraye, ya san labarin bai tsufa ba.

Tsoron taɓa kuɗin ruwa tsohon abu ne a ƙasar nan, a Ikko kuwa aka haife shi. A 1908 Gwamna Egerton ya kawo shawarar a jawo wa garin ruwan famfo, mutane su biya ta hanyar haraji a kan gidajensu. Mutanen Ikko suka ce rijiyoyinsu sun ishe su, Turawan da ke marmarin famfo su biya abinsu. Sarkin Ikko, Eleko Eshugbayi, ya tsaya tare da talakawansa, dubban mutane suka yi tattaki zuwa gidan Gwamna, wasu likitoci biyu kuma, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiyar People's Union don yaƙar harajin. Da Gwamna Lugga ya buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju a 1915 rigimar ta sake tashi, har ta shiga Babban Masallacin Ikko, inda limami, Lemomu Braimah, ya goyi bayan gwamnati, jama'arsa da yawa suka juya masa baya, aka shekara da shekaru ana tsama. Birnin Binin ma ya ga irin tasa tarzomar kuɗin ruwa tsakanin 1937 da 1939.

Waɗancan mutane suna da hujja. An ce su biya abin da ba a yi shawara da su a kansa ba, kuma suna ganin unguwar Turawa ce za ta fi cin moriyarsa. Abin takaici shi ne darasin da masu mulki suka ɗauka daga baya. Maimakon su fahimci cewa mutane ba sa biyan abin da bai iso gare su ba, sai suka fahimci cewa kuɗin ruwa wuta ne, kada a taɓa. Aka bar farashi a daskare shekara bisa shekara, kayan aiki suna tashi, Naira tana faɗuwa, hukumar ruwa tana ramewa a tsaye.

Ruwa kyauta ne daga Allah, ba mai musun wannan. Amma ruwan da ke kwance a kogin Ogun ne kyauta. Kafin ya fito a bakin famfo a Surulere sai an ɗebo shi da manyan injuna a Akute, an tura shi Iju ko Adiyan, an zuba masa alif don laka ta kwanta, an tace shi ta cikin yashi, an sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a sake tura shi tafiyar kilomita da dama cikin bututu. Lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne cur. Ma'aikatar Adiyan, wadda aka gina don ta ba da galan miliyan 70 a yini, in tana aiki sosai tana ɗaga fiye da tan 250,000 ke nan kowace rana ta Allah. Ba abin da ke ɗaga wannan nauyi sai wutar lantarki, in ta ɗauke kuma sai man dizal. Saboda haka ne ma aka gina wa ma'aikatun tashar lantarki ta musamman mai ƙarfin kimanin megawat 12 a Akute cikin 2010, bayan an ga cewa dogara ga wutar gari ba ta kai su ko'ina.

Sai a dubi abin da ya sami waɗannan kayan aiki a 'yan shekarun nan. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri da na komai ya bi shi. A watan Yunin wannan shekara aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu samun wuta mafi yawa daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane awo, ko da yake an ɗan sassauta daga baya. Injunan tura ruwa da kayan gyaransu, da wani sashe na magungunan tace ruwa, daga ƙasashen waje ake sayo su da Dala. Albashin ma'aikata kuma dole ya tashi, tun da su ma cefane suke yi a kasuwar da kowa yake yi. Ɗan garuwa da mai ruwan leda sun ƙara farashinsu a take, ba su jira izinin kowa ba. Hukumar ruwa ce kaɗai ake tsammanin za ta sayi kaya da farashin bana ta sayar da ruwa da farashin shekarun baya.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato kuɗin gini da kuɗin gudanarwa. Gina madatsa, da ma'aikata, da shimfiɗa manyan bututu, aikin gwamnati ne, daga baitulmali ko daga rance, domin jikoki ma za su amfana. Gwamnatocinmu kuwa suna son wannan ɓangare, saboda akwai kwangila a cikinsa, akwai kuma bikin buɗewa da hoto a jarida. Badun ta sami madatsar Eleyele a 1942, ta sami ta Asejire a 1972. A 2005 Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 200 don gyaran ruwan birane a jihohin Legas da Kuros Riba. An soma ginin kashi na biyu na Adiyan a farkon shekarun 2010, har 2024 ba a kammala ba. Amma sayen alif na watan gobe, da biyan kuɗin wuta, da canza bututun da ya yi tsatsa a bayan kasuwa, waɗannan ba su da biki, ba a kiran makaɗa dominsu. Su ne kuɗin gudanarwa, kuma su ne ya kamata abin da masu shan ruwa suke biya ya ɗauke. In bai ɗauke ba, sai manajan hukuma ya koma yawon bara a ofishin kasafin kuɗi, yana jiran abin da za a yafito masa, injin da aka sayo da rance kuma ya zauna ba mai.

Sakamakon a bayyane yake. A shekarun 2010 ita kanta Hukumar Ruwa ta Legas ta sha faɗin cewa duk ma'aikatunta, manya da ƙanana, in an haɗa ƙarfinsu galan miliyan 210 ne a yini, alhali bukatar jihar ta kai galan miliyan 540. Wannan ma ƙarfin da ke takarda ne, ba abin da ake samarwa a zahiri ba. A watan Disamba 2016 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin ruwa da tsafta, Léo Heller, ya ce kimanin kashi 10 cikin 100 na mutanen Ikko ne kawai suke samun ruwan hukuma. A Nuwamba 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a ƙasa baki ɗaya. A Afrilu 2024 hukumar ta Legas ta sallami ma'aikata 391. Ruwa ya ƙi zuwa, mutane su ƙi biya. Sun ƙi biya, kuɗin mai ya gagara. Mai ya gagara, ruwan ya ƙara ɗaukewa. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya fita daga sha'anin hukuma ɗungurungum, a bar ta da waɗanda ba su da ƙarfin biya da waɗanda ba su da niyya.

Akwai kuma wata illa ta ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe, wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Bututun da ke cike da ruwa a ko da yaushe, in ya huje, ruwa ne yake fita. Bututun da ya wofinta kuwa, in ya huje, zuƙo abin da ke kewaye da shi yake yi. A unguwanninmu ƙananan bututu sukan bi ta cikin kwata ne. Saboda haka ruwan da ya bar Iju da tsabtarsa yana iya isowa gida da abin da ba a so. Arahar da ta hana hukuma sayen mai ita ce take jawo wannan.

Kada wani ya fahimce mu baibai. Ba muna cewa ne a miƙa wa hukumomin ruwa wuƙa da nama su yanka abin da suka ga dama ba. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babban zunubin waɗannan hukumomi shi ne kai takardar biyan kuɗi gidan da famfonsa ya shekara bai ɗiga ba, da kuma yanke wa mutum kuɗi da ka, bisa girman gini, ba bisa abin da ya sha ba. Wannan zalunci ne, kuma shi ya fi komai kashe wa mutane zuciya. Ba ƙarin da zai halatta sai an kafa mita, wanda ya sha da yawa ya biya da yawa, wanda famfonsa ya bushe kada a tambaye shi ko kwabo.

Haka nan ba daidai ba ne a ɗora wa mai biya nauyin ruwan da ya zube a titi, da na wanda ya huda bututu cikin dare, da na manyan da suka fi ƙarfin a yanke musu. Ma'aikatun gwamnati, da barikoki, da manyan makarantu, suna cikin masu shan ruwa mafi yawa a kowane birni, kuma a ƙasashe da dama su ne kan gaba wajen ƙin biya. A fara da su. Wannan ba mafarki ba ne, an yi a wata ƙasar da ta fi mu shan wahala. A 1993, lokacin da Kambodiya take farfaɗowa daga yaƙi, kashi 72 cikin 100 na ruwan babban birninta, Funom Fen, yana salwanta ne ta hanyar yoyo da sata. Shugaban hukumar da aka naɗa a shekarar, Ek Sonn Chan, ya kafa mita a ko'ina, ya canza ruɓaɓɓun bututu, ya tilasta wa ma'aikatun gwamnati da sojoji su biya kamar kowa. Bayan ruwa ya soma zama a famfo ne aka ƙara farashi, mutane kuma suka biya. Cikin kimanin shekara 15 asarar ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. A lura da jerin: gyara da tara bashi tukuna, ƙari daga baya.

Dokar ruwa ta Jihar Legas ta 2004 ta tanadi hukuma ta daban mai duba farashi da ingancin aiki. Muna kira ga wannan hukuma, da takwarorinta a inda ake da su, da kada su amince da wani sabon farashi sai an buga lissafin shekara a jarida, wanda mai binciken kuɗi daga waje ya sa wa hannu: nawa aka kashe a wuta, nawa a magani, nawa a albashi, galan nawa ya bar ma'aikata, galan nawa aka sami kuɗinsa, kuma su wane ne ake bi bashi. Ana ta muhawara tun wajen 2014 a kan ko a shigo da kamfanoni cikin harkar ruwan Ikko, ƙungiyoyin ma'aikata da na kare haƙƙin jama'a suna ƙi. A ganinmu, ko gwamnati ce ta riƙe ko kamfani, in littafin a rufe yake, talaka ne zai kwana a ciki.

Yanzu ga wurin da ya fi shafarmu, wanda kuma ba mu ji ana ambatarsa ba. Tsarin da masana suka fi so shi ne farashi mai hawa-hawa: kashin farko na ruwan da gida ya sha a wata ya zama da araha ƙwarai, na biyu ya ɗara, na uku ya yi tsada, don mai wanke motoci 3 da ban ruwan furanni ya tallafa wa mai dafa tuwo. Afirka ta Kudu ma a 2001 ta mai da lita 6,000 na farko a wata kyauta ga gida. A takarda wannan adalci ne. To amma mene ne gida? A Ikoyi gida shi ne mutum da matarsa da 'ya'ya 2 ko 3. A Agege ko Sabon Badun gida shi ne dogon gini mai ɗakuna jere, ƙofa na kallon ƙofa, iyali 10 ko 15 a ciki, famfo ɗaya a tsakar gida, mita ɗaya da sunan mai gida. Irin wannan gini zai cinye kashin araha tun kafin mako ya zagayo, sauran watan duka a riƙa caje shi da farashin attajirai. Tsarin da aka yi don talaka sai ya juyo ya sare shi. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne, in an so: a ƙidaya iyalan da ke kowane gini, a ninka kashin araha da yawansu. Kuma a wajabta wa mai gida ya manna takardar hukuma a zaure inda kowane ɗan haya zai gani, domin mun san yadda Naira 10 ta hukuma takan zama 30 kafin ta iso ƙofar ɗaki.

Sai maganar 'yan garuwa, waɗanda mutanen kudu suke kira da sunan sana'arsu a harshenmu, mai ruwa. Akasarinsu 'ya'yanmu ne da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Wani zai ce in famfo ya wadata sun rasa abinci. Ba mu ga haka nan kusa ba, gama ko yau aka soma aiki ba dare ba rana, za a daɗe kafin bututu ya shiga kowane lungu na Ikko. Kuma ba su ne suke kwashe ribar ba. Jarka 10 masu cin lita 25 nauyinsu kilo 250 ne. Mutum ya sayi ruwan a wurin mai rijiyar burtsatse, ya biya hayar kura, ya tura ta cikin rana da cunkoson motoci, wani lokaci ya hau bene da jarka biyu a hannu, abin da ya rage masa ladan ƙashinsa ne. Dokar muhalli da Jihar Legas ta yi a 2017 ta tayar da ƙura saboda sharuɗɗan da ta gindaya a kan ɗibar ruwa da sayar da shi ba da izini ba. Korar ɗan garuwa ba ta kawo ruwa. Abin da ya fi shi ne hukuma ta gina wuraren sayar da ruwa a bakin manyan bututunta, da mita da farashi a rubuce a allo, ta yi wa 'yan garuwa rajista ta sayar musu da tataccen ruwa a farashin sari. Hukuma ta sami kuɗin shiga, mai saye ya sami ruwa mai magani, mai turawa ya huta da kame.

Kuɗin kwashe ƙazanta kuwa, wanda a manyan biranen duniya ake haɗa shi da na ruwa a takarda ɗaya, a nan ba a ma fara maganarsa sosai ba. Injiniyoyi sukan ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yana fitowa ne a gurɓace. Ina yake zuwa? Ikko ba ta taɓa samun babbar magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa da ta game gari ba. A farkon zamanin Turawa har ɗan jirgin ƙasa aka yi mai kwasar bahaya da dare zuwa bakin ruwa. Masu ɗaukar bokiti a ka suka ci gaba da aikin har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka hana. 'Yan ma'aikatun tace ƙazanta da ake da su, irin na Abesan da Oke-Afa da Iponri, na rukunin gidaje ne ƙalilan. Sauran gari kowa da shaddarsa, in ta cika a kira mota ta zuƙe, mai gida ya raba wa 'yan haya kuɗin, kuma an daɗe ana kukan cewa da yawa daga abin da motocin suke kwasa a tafkin Ikko yake ƙarewa ba a tace ba.

Masana kiwon lafiya sukan ce a bar tazarar kusan ƙafa 100 tsakanin shadda da rijiya. Fulotin Ikko ƙafa 60 ne da 120, in ma ya cika, kuma maƙwabci na dama da na hagu kowa da tasa shaddar da tasa rijiyar. Ƙasar kuwa a wurare da yawa yashi ce, ruwa yana kusa. Ba sai an yi dogon bayani ba. A watan Yuni 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko, ta fi tsanani a tsibirin, ta kashe fiye da mutum 20 cikin 'yan makonni. Wanda ya kwanta asibiti, ko ya rufe tireda mako guda yana jinyar ɗa, ya biya kuɗin kwashe ƙazanta ke nan ta wata ƙofa. Ba mu goyi bayan a ƙirƙiro sabon haraji da sunan magudanar da babu ita ba. Abin da ake iya yi yau shi ne a kayyade farashin motocin zuƙe shadda, a tanadi isassun wuraren da za su juye a tace, a kuma hukunta direban da ya juye a rafi. In za a ɗora wani abu a kan takardar ruwa don wannan aiki, a rubuta shi a layinsa daban, a ajiye shi a asusunsa daban, a buga lissafinsa tare da na ruwa.

Mutanenmu suna da wata ɗabi'a ta cewa mu baƙi ne, sha'anin gari na 'yan gari ne. A maganar ruwa wannan kunya ba ta da amfani. Wanda ya shekara 20 a Obalende yana biyan haya da harajin kasuwa yana da bakin magana a kan famfon unguwarsa. Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabon Badun, da shugabannin jama'armu a Anacha da Inugu da Fatakwal, da su sa malaman makaranta da matasa masu ilmi su bi gidajen hayar da mutanenmu suke ciki, su rubuta iyali nawa ne a kowane gini, famfo nawa, yaushe rabonsa da ruwa, da kuma farashin jarka a rani da damina. Duk ranar da hukuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan sabon farashi, ko Majalisar Dokokin jiha ta buɗe muhawara a kan dokar ruwa, a je da wannan littafi a hannu, a tafi da wakilin 'yan garuwa, a nemi a sa ƙidayar iyalai a cikin tsarin farashin kafin a sa masa hannu.